Tsohon Garinmu Yana Cikin Diski

Daga Tasawa, zuwa ga ɗiyata Zahra'u a Abijan.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida maigidanki Misbahu da yara. Allah Ya sa wannan takarda ta iske ku cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ke tuna mini shekaruna in zan tashi daga sallah. Gwaggonki Ladi ta warke daga zazzaɓi, har ta koma faɗa da awakin maƙwabta. Gero ya yi kyau bana a Hawandawaki. Gidiyon, abokin ƙanenki marigayi Auta, shi ke riƙe da biro. Na ce mishi ya rubuta yadda na faɗa, ko inda na taɓa shi kada ya gyara.

An gaya mini kina shirin aiko mini da sabuwar ordinatar, wato kwamfuta, a jefar da ta Auta. Allah Ya yi miki albarka, amma kada ki aiko. Ba zan karɓa ba.

Kin san Auta da Gidiyon suka haɗa akwatin ordinatar ɗin nan da hannunsu, guntu guntu, daga kasuwar Maraɗi. Abin da ba ki sani ba shi ne abin da ke ciki. Akwai wani wasa da ake gina gari, a haƙa rijiya, a dasa itace. Lokacin da ciwo ya zaunar da Auta, sai ya ce in zo in faɗa mishi yadda tsohon garinmu yake kafin rijiya ta rufta mutane su watse. Ina faɗa, yana ginawa. Ga gawon da ake yanke shawara ƙarƙashinsa, ga maƙerar Na Allah, ga rumbunan kakarki, kowace ƙofa tana kallon inda ta kalla. Da ya rasu na zauna a kujerarsa. Ni da ban taɓa shiga lakol na yi boko ba, yatsuna suka koyi hanya. Yanzu in na yi la'asar nakan shiga garin in ci gaba daga inda ya tsaya.

To, da garin ya yi girma sai akwatin ya fara nauyi, mutum ya ɗaga ƙafa ya daɗe bai sauke ba. Gidiyon ya duba ya ce sai an canza memuwar. Na ce ya fita mini daga ɗaki. Memuwar da na sani ita ce 'yar ƙaramar nan ta cikin salula, wadda in an cire ta wa'azi da hotuna da muryoyin mutane duk sun tahi. Na ɗauka garin yake so ya cire ya saka mini wofi. Tun daga rani har aka yi girbi ban bar shi ya kusanci akwatin ba. Na ɗaure akwatin da igiya, na aza buzuna a kai. Ya turo uwarsa Rut ta yi mini magana, na ba ta ruwa ta sha, na sallame ta.

Ashe su masu wannan aiki abu biyu suke kira da suna guda. Memuwar ta cikin akwati ba ta ajiye kome, kamar faifai take, a zuba a sheƙe a zubar. Rumbun shi ne wani abu da suke ce wa diski. Ni kuwa ina can ina gadin faifai, rumbu yana ruɓewa. Gidiyon ya ce wai ya yi mini wannan bayani tun farko. Ni dai ban ji ba, kuma laifin wanda ya raɗa sunan ne.

Makon jiya diskin ya fara ƙara, ƙas ƙas, kamar kaza na tsattsagar tire. Da kaina na kwance igiyar na aika a kira shi. Ya gwada kwashe garin zuwa wani ɗan abin ajiya da suke ce wa makulli, aikin ya kai rabi ya tsaya. Ya ce kada a ƙara kunnawa sai sabon diski ya zo, don kowane kunnawa yana iya zama na ƙarshe. Akwatin yana nan a rufe, ni kuma la'asar ta yi mini tsawo.

Ga abin da nake roƙo. Ki saya mini diski sabo fil, irin wanda ba ya juyawa, ba na hannu ba, don na kasuwa nan ban yarda da su ba. Ki haɗa da memuwar ɗin guda biyu, tunda yanzu na san ba ta ɗauke da kowa. Gidiyon zai rubuta lambobinsu a ƙasa. Yana ta kwaɗayin a sayi katin da ke gyara hoto, wai har inuwar gawo zan gani tana motsi. Na ce a'a. Inuwar nan na zauna cikinta, ba sai an nuna mini ba. Akwatin da fankarsa da kusoshin da Auta ya ɗaura, su zauna yadda suke. Kuma ranar da za a kwashe, ina zaune a wurin.

Ki hanzarta, Zahra'u. Duk waɗanda suka san garin nan da ƙafarsu sun riga ni, ni kaɗai na rage. In diskin ya mutu zan iya sake faɗa, amma wanda ya gina ba zai dawo ya gina ba.

Ki gaida Misbahu, ki gaida Balkisu da Saudatu da ƙaramin maigidana Imrana, ki ce ya bar ƙiriniya. Ladi da Rut suna gaishe ki. Ki riƙa saka Auta da uwarku cikin addu'a. In kayan sun zo da rai a jikina, in na koma cikin garin, da ɗakin da aka haife ki zan fara, don katanga ta tashi amma ban yi rufi ba.

Ni ne mahaifinki,
Mai Nasara na Hawandawaki.