Biskit ɗin Ummi

Daren Talata, gero bai nuna ba tukuna.

Yau na koma asibiti da jikata Ummi. Malamar asibitin ta naɗa mata abin awo a dantse, har yanzu kan ja yake tsayawa, alamar tamowa. Ta dube ni ta ce, "Inna, biskit ɗin da muka ba ki, wa yake ci?"

Na ce marmasa shi nake cikin kunu, yara huɗu su sha. Ta ce ba kayan marmari ba ne, magani ne. Akwai gyaɗa da madara da abin ƙara jini a ciki, kuma daidai cikin yaro ɗaya aka auna shi. Wai in na ci gaba da rabawa, Ummi ba za ta ga girbi ba.

Ni tunda uwata ta haife ni ban taɓa ba yaro abinci 'yan'uwansa na kallo ba.

Da magariba na shige ɗaki da ita, na tura ƙyaure. Tana ci, yayanta Sale yana bakin ƙofa yana cewa, "Iya, ko ledar ce ki ba ni in lasa."

Na zura masa ita ta ƙarƙashin ƙyaure. Na ji su ukun suna kokawa a kai.

Sau biyu a rana malamar ta ce in ba ta.