Ni Yake So Ko Murhuna?

Hajiya Adama, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar, domin na rasa wanda zan faɗa wa maganar nan bai yi mini dariya ba. Ni kaina dariyar nake yi. Jiya ina shara na tsinci kaina ina rawa da tsintsiya, mace mai shekara hamsin da bakwai, mai jikoki huɗu.

Ni malamar firamare ce da ta yi ritaya a nan Zuru. Maigidana soja ne, shekara tara ke nan da rasuwarsa. Da Kirsimeti 'yata Sandra, mai aikin jinya a Kaduna, ta kawo mini murhun gas mai obin na gashi a ƙasa, da injin markaɗe na lantarki. Wata uku tukwane nake ajiyewa a obin ɗin, don tsoronsa nake ji.

To akwai wani dattijo a cocinmu, bari in kira shi Kefas, mutumin Dabai, shi ma matarsa ta rasu. Da ƙuruciyarsa ya yi shekara goma sha biyu yana aikin kuku wajen wasu Italiyawa masu gina hanya. Ya zo duba ni ina zazzaɓi, na ce ya shiga kicin ya ɗebo wa kansa ruwa, sai na ji shiru. Da na lallaɓa na leƙa, na tarar da shi durƙushe yana fitar da tukwanena ɗaya bayan ɗaya, har da ƙwalla a idonsa. Ya ce rabonsa da obin tun da kamfanin ya tashi. Ya roƙe ni in bar shi ya gasa abu ɗaya kawai.

Abu ɗayan nan yau wata biyar muna kansa. Kowace Asabar da hantsi zan ji ƙarar babur ɗinsa, ya shigo da fulawa da ƙwai da cukun da yake saye wajen wata Bafulatana a kasuwa. Ya zaƙulo tsohon injin murza taliyata daga ƙarƙashin gado, ya nuna mini cewa in ba a yanka ƙullin sirara ba, aka bar shi fale-fale, sai a jera shi hawa-hawa da miyar tumatir da niƙaƙƙen nama, a tura obin. Wai sunanta lazanya. Ya koya mini nyoki, 'yan curi-curi na dankalin Turawa da fulawa. Ranar da muka yi fiza, maƙwabciyata Larai ta ce burodi ne miya ta zube masa, ta kuma cinye yanka uku. Shi tafarnuwa da ɗoɗɗoya da ɗan man zaitun sun ishe shi. Ni kuwa da ya juya baya sai in jefa attaruhu a injin markaɗe. In ya ɗanɗana ya gane, sai ya hau faɗa da yarenmu, ni ma in rama, kuma ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba.

Yanzu tun ranar Alhamis nake zuwa kitso. A zumuntar mata ta coci na ɗauko waƙa, na saki baitin na kama wani, kowa ya juyo yana kallona.

Ga inda matsalar take. Sandra ta zo watan jiya ta same mu hannu dumu-dumu da fulawa. Bayan ya tafi ta ce mutumin nan obin yake bi, daga obin kuma sai gidan da babanta ya bari. Ta ce ana maganata a unguwa. Na yi fushi, amma da na zauna na tuna, bai taɓa ce mini komai na so ba. Murhun yake yabo. Ni sau ɗaya ya ce hannuna ya iya kwaɓi, kwana biyu ina kallon hannun. Na gwada shi, na bar gas ya ƙare da gangan. Ya zo ya gani, ya ɗaure tukunyar gas ɗin a babur, kafin awa ɗaya ya dawo da ita cike. To wannan don ni ne ko don lazanya?

Yanzu kuma ya ce Asabar ɗin nan zai zo da yayansa ya ɗanɗana girkinmu. Na sayi sabon zane, na ɓoye, na sake ɗaukowa. In ɗaura ko in bari? In na tambaye shi ya ce girki kawai ne, da wane ido zan shiga coci?

Mai Sabon Murhu, Zuru.

AMSA

Yayata, wasiƙarki ta sa ni murmushi tun daga layin farko, kuma babu abin kunya a cikinta. Kin yi shekara tara kina riƙe da kanki. In zuciyarki ta sake motsawa, godiya ya kamata ki yi.

A ganina dattijo ba ya ɗauko yayansa tun daga Dabai don taliya kawai. Amma wannan hasashena ne, kuma ba a ɗaura aure kan hasashe. Ki daina gwaje-gwaje, gas ɗinki kawai kike wahalarwa. Ki kira shi kafin ranar, ki ce kina son sanin matsayin baƙon da za ki tarba, don ki san ko ke ma ki gayyato wani babba daga danginki. Tambaya ce ta mutunci, kuma dole amsarta ta fito da abin da ke ransa. In ya ce girki ne kawai, za ki ji zafi, amma tsakaninku biyu ne, babu wanda ya ji. Daga nan sai ki rage zuwan, ko Larai ta riƙa zama tare da ku.

Kada ki riƙe Sandra a zuci. Tsoro ne ya sa ta magana, kuma tsoron yana da tushe. In magana ta yi ƙarfi, ki zaunar da 'ya'yanki, a fayyace batun gidan a rubuce gaban dangi da fastonku. Mai sonki ba zai ƙi wannan ba. Ita ma ki gaya mata a hankali cewa mutum yana iya shigowa don obin ya zauna don mai obin.

Ki kuma lura, tukunyar gas a tsaye ake ɗaukar ta, a tsaye ake ajiye ta, kuma taga a buɗe in ana gashi.

Zanen kuwa ki ɗaura, ko me ya amsa. Allah ya sa Asabar ta zo miki da alheri, ya kuma buɗe bakin Malam Kefas.

Hajiya Adama