Ba Zan Kira Shi Ba

Litinin, 4 ga Mayu
Tsuntsun nan ya sake zuwa ina shanya wanki a duwatsun bayan gida. Bai kai dunƙulen hannuna ba. Bayansa toka-toka kamar dutsen, ƙirjinsa launin tsatsa, ga farin layi a saman ido kamar an goga masa alli. Ƙafafu kuwa tsinken tsintsiya. Na kwaikwayi kukansa da fito, ya amsa, ya sauko har bakin bokiti yana kaɗa jela. A gida Kurma suke ce mini don ba na magana. Shi bai taɓa cewa in ɗaga murya ba.

Alhamis, 7 ga Mayu
Na gano sheƙarsu a tsagar dutse. Busasshiyar ciyawa da gashin akuya. Matar na kwance kan ƙwai, shi ke kai mata tsutsa.

Asabar, 9 ga Mayu
Kawu mai sayar da tsuntsaye ya gan mu. Ya ce irin wannan masu shago ke nema a keji, amma wayo gare shi, ba ya sauka kan tarko. Wai shi zai shafa danƙo a sanduna, ni in yi fito. Inna da kullum ke cewa mace ba ta yin fito, yau ta ce in taimaki ɗan'uwanta. Na yi shiru. Sun ɗauka na yarda. Kullum haka suke ɗauka.

Lahadi, 10 ga Mayu
Mun hau dutsen da sassafe. Kawu ya kafa sandunan ya laɓe, ya ce, "To Kurma, yau dai bakin nan zai yi rana."
Tun ban buɗe baki ba tsuntsun ya sauko. Ni ya gani. Yana ta tsalle, saura kaɗan ya hau sandar.
Na ɗauki tsakuwa na jefa gefensa, na daka masa tsawa. Ya tashi.
Kawu ya fito yana tambaya ko kaina ɗaya.
Na ce, "Ba zan kira shi ba, Kawu." Na maimaita don ya ji da kyau.
Kunnen da ya murɗe har yanzu zafi yake. Ko a jikina.

Talata, 12 ga Mayu
Kawu ya gwada fiton da kansa. Awaki ne suka amsa. Ya kwashe sandunansa, ya ce zai dawo.

Asabar, 16 ga Mayu
Duk sanda ya sauko wurina sai in jefa tsakuwa. Gara ya ji tsoron kowa, har da ni.

Juma'a, 22 ga Mayu
Ya daina saukowa. Daga can ƙololuwa nake jin waƙarsa, in ya hango ni sai ya ƙara sama. Haka nake so. Ba kewarsa nake ba, shanyar ce kawai ta yi shiru da yawa.
Ɗazu Inna ta ƙwala "Kurma" daga kicin. Na ce ba sunana ba ne. Ta leƙo ta daɗe tana kallona, sannan ta kira ni da sunana. Na je.