Hazo a Gilashin Labbo

Birnin Kebbi, Maris 1986

Yaya Riskuwa,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Argungu, yaya maigidan da yara? Ina fata ciwon ƙafar ya yi sauƙi.

Kin tuna gilashin kyamarata da kike kira kwalbar turare? Gajeren nan na Jamus da na saya hannun wani Bature a bikin kamun kifi, mai jawo fuskar mutum kusa ya narkar da abin da ke bayansa. To, hazo ya shige shi. Duk wanda na leƙa sai in gan shi kamar a bayan hayaƙin murhu. Na goge har na gaji. Hankalina ya tashi, don an daina ƙera irinsa, kuma saboda shi amare ke zuwa shagona har daga Ambursa. Gobe zan kai wa Cornelius mai gyara a Badariya.

Ke dai kin huta, tunda kin rantse ba mai ɗaukarki hoto.

Ƙaninki,
Labbo

Birnin Kebbi, Afrilu 1986

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida gida. Allah Ya sa kuna lafiya. Ni kam ba lafiya ba.

Cornelius ya leƙa, ya ce gilashin garau yake kamar ruwan randa. Na yi masa masifa. Sai ya sa na leƙa da idon hagu, wanda kullum nake runtsewa idan ina aiki. Yaya, tas na ga fuskarsa, har furfurar gemu. Na koma na dama, hayaƙin ya dawo.

Na wanke hotunan da na ɗauka da gilashin na ɓoye don kunya. Ba wanda ya lalace.

Ke kika riƙa jan Baba zuwa masallaci har ya rasu, kin san makantarsa da idon dama ta fara. Tsoro nake ji wallahi. Ban gaya wa Umma ba. Kowace safiya sai na rufe dama in duba ko hagu na nan.

Cornelius zai raka ni asibiti a Sakkwato bayan Juma'a. Kafin nan ki zo, ki zauna mini a benci in ɗauke ki da hagu. Wannan karon kada ki ce mini wata rana.

Sandar Baba kuma ki baro ta a gida. Amma kada ki ba kowa.

Ƙaninki,
Labbo