Ƙafata Ce ko Giyar Motar?

Mai ba da shawara,

Ina neman taimakonki, kuma ki sani roƙo ba ɗabi'ata ba ce. Na shugabanci makaranta har na yi ritaya, kuma tun kafin maigidana ya rasu ni nake tuƙa kaina zuwa asibiti da kasuwa da gidajen 'yan'uwa.

Motata irin mai canza giya da kanta ce. Kwanakin baya wata fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a gaban sitiyari. Daga nan, duk sanda na taka totur, sai injin ya yi ƙugi, motar ta yi jinkiri, sannan ta zabura kamar an hankaɗa ta. Rannan ta yi haka da babban ɗana a ciki. Bai dubi fitilar ba, ƙafata ya duba. Kafin mako ya zagayo, 'ya'yana sun gama shawarar ɗaukar mini direba, wai ƙafar Mama ta fara rawa.

Na ƙi zuwa gareji, ba don taurin kai kaɗai ba. Na ji tsoron bakanike ya ce motar lafiyarta ƙalau, domin in haka ne, to ni ce na lalace.

Mijin autata, wanda tsakanina da shi gaisuwa ce kawai yana sunkuyar da kai, shi ya aiko a karɓi makulli, wai zai kai ta wanki. Da ta dawo, fitilar ta mutu, giya na shiga sumul. Daga bakin autar na ji cewa ya sa an jona mata na'urar bincike, aka tarar man giya ya ragu kuma ya ƙone, aka canza. Shi ya tsaya gaban yayyen matarsa ya ce laifin mota ne. Ya dawo mini da mutuncina, bai taɓa ɗaga maganar ba.

Jiya fitilar ta dawo. Ban gode masa ba tukuna, ga shi zan sake buƙatarsa. In yaran suka ji, makullina ya tafi. Yaya zan yi?

Tsohuwar shugabar makaranta

*

Malama,

Mu fara da motar. In fitilar a tsaye take, kina iya lallaɓawa da ita zuwa gareji a hankali, amma kada ki jinkirta. In tana ƙyaftawa, ko giyar ta koma zabura, ki ajiye ta a zo a duba. A sake jona na'urar, a gaya miki abin da ta nuna, kada a goge fitilar kawai a sallame ki. Man giya ba ya raguwa haka nan, don haka a nemi inda yake yoyo. Mai yiwuwa ma wannan karon ba giya ba ce, domin fitilar nan ɗaya ce, dalilanta da yawa.

'Ya'yanki sun yi gaggawar hukunci, amma tsoron rasa ki ne ya sa su. Ki je da kanki likita ya duba idonki da ƙafarki, ki kuma gaya musu sakamakon. In lafiya, maganar direba ta mutu. In akwai gyara, gara ki zama ke kika gano, ke kika yanke.

Surukinki kuwa, kada ki aika auta. Ki kira shi da kanki, ki gode masa, ki ce ya raka ki gareji. Mutumin da ya ɓoye alherinsa don kada ki ji nauyi ba zai raina ki don kin nemi rakiya ba. In fitilar a tsaye take, ke za ki tuƙa, shi ya zauna a gefe.

Allah ya ƙara lafiya, ya bar miki makullinki.