Nena Ba Ta Gane Bakina Ba

Litinin, 6 ga Nuwamba
Na ɗauko Nena, mahaifiyata, daga ƙauyenmu na yankin Guriya zuwa birnin Tibilisi. Tun da hankalinta ya fara gushewa ba mai kula da ita. A mota ta ce min, "Baiwar Allah, ina za ki kai ni?" Ni, Tsiyala, da ta goya!

Alhamis, 9 ga Nuwamba
Ta ƙi cin abinci. Wai ba ta karɓa a hannun baƙuwa mai maganar 'yan birni.
Abin dariya. A kasuwa ni ce mai baki bakwai. In cukun yankin Imereti zan sayar, na zama 'yar Imereti. Ɗan yankin Kaheti ya zo, in ja magana a hankali kamar saniya na tuƙa, ya saya yana ce min 'yar gida. Namu na Guriya ne na ajiye tun ina budurwa, don kada a yi min dariya.

Lahadi, 12 ga Nuwamba
Na gwada mata bakin Guriya, da sauri, da tsalle-tsallensa. Ta saurara tsaf. "Wa kike kwaikwayo? Ki ji kunya mana."

Talata, 14 ga Nuwamba
Na roƙi Bondo mai sayar da ganyen miya a kasuwa, ɗan yankinmu, ya biyo ni gida. Tun daga ƙofa ya kwarara mata da bakin Guriya: "Iya, har yanzu ba ki mutu ba?" Ta ce, "Sai na binne ka, ɗan banza!" Ta cinye wake da gurasar masara a hannunsa, tas. Ina tsaye da tawul kamar 'yar aiki.
Da zai tafi ya ce, "Tsiyala, naki bakin kamar ruwan da aka zuba a madara ne. Tsohuwa ta san nono."

Asabar, 18 ga Nuwamba
Bondo ba zai iya zuwa kullum ba. Cokali biyu ta ci yau. Zobenta ya fara zamewa.

Asabar, 25 ga Nuwamba
Na daina gwadawa. Na zauna da bakina na birni na ce, "Iya, kina da 'ya'ya?"
"Ɗaya. Tsiyala. Tana kasuwa, shi ya sa ba ta zuwa. Wayo gare ta kamar dila."
Tana ba ni labarina ina tura mata cokali. Rabin kwano ya tafi. Ta ce in gai da Tsiyala in na gan ta.
Na ce to.