Sunan da Ya Cika Allo

Naraguta, 4 ga Mayu

Malama Ummusalma,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya.

Wata biyar ke nan da 'yata Yael ta nutse a tafkin tsohon ramin haƙar kuza. Na zo makarantarku ranar Litinin karɓar littattafanta, na tarar an ɗauke bencinta. Malamai suna gaishe ni suna kallon ƙasa, ba wanda ya ambaci sunanta. Shekara huɗu ta yi a wurinku, kun manta da ita tun kafin ciyawa ta rufe kabarinta. Ki aiko mini da sauran kayanta ta hannun Pam mai keke. Ba zan sake taka makarantar nan ba.

Ki huta lafiya.
Ana Badung

Tudun Wada, 9 ga Mayu

Maman Yael,

Ina gaishe ki da kyau, ya ƙarin haƙuri? Allah ya ba ki dangana.

Kin yi gaskiya, kunya ta kama ni. Hedimasta ne ya ce kada a ambace ta a gaban yara, wai kar a tayar musu da hankali, mu kuma muka bi. Amma ki ji abin da ya faru jiya.

Akwai wani shafi a intanet da ake zuba wa kalmomi, sai ya tara su kamar gajimare, wadda aka fi maimaitawa ta fi kowacce girma. Ni da ko saƙon waya sai na yi ta laluben haruffa, aka ce in koyar da shi! Darasinmu a kan ruwa ne. Na miƙa wayata tana zagayawa, na ce kowa ya rubuta kalma uku da ruwa ke tuna masa, ba mai leƙa na wani. Ina jiran in ga sha, wanka, girki.

Na kunna majigi. Maman Yael, wallahi sunan 'yarki ne ya cika allon, tun daga wannan gefe har wancan. Sha da wanka suna can ƙanana kamar tururuwa. Yara arba'in da ɗaya, talatin da takwas sun rubuta YAEL. Ikon Allah!

Taki,
Ummusalma Bala

Naraguta, 13 ga Mayu

Malama,

Na gaishe ki. Na karanta wasiƙarki sau uku. Ki faɗa mini gaskiya tsakaninki da Allah, ke kika sa su? Ba na son a lallashe ni da na'ura.

Ana

Tudun Wada, 15 ga Mayu

Maman Yael,

Barka da war haka. Haba, ni? Ai da na san abin da zai fito, da tsoron hedimasta ya hana ni kunnawa. Shi ma da ya shigo ya gani, hularsa ya cire, ya daɗe a tsaye, sannan ya fita.

Daga ranar bakin yaran ya buɗe. Wata ɗaliba, Klaudiya, ta ce akwai wani shafin da ake ɗora maganar mutum a kan hoto, irin yadda ake yi wa manya, ta ce a yi wa Yael. Na tambaye su wace magana. Ajin gaba ɗaya suka faɗa tare, har da kwaikwayon muryarta: "Malama, ki sake faɗa, na baya ba su ji ba."

Kullum sai ta faɗi haka, ita da take zaune a layin gaba tana jin komai. Sau nawa na ce mata, "Ke Yael, lauyarsu ce ke?" Sai yanzu Mustapha, da ke can ƙarshen aji, ya gaya mini kunnensa ɗaya ba ya ji, kuma ita kaɗai ta sani. Shekara biyu ina koyar da shi ban gane ba. Na yi kuka a gabansu, ban ɓoye ba.

Mun buga hotonta da maganar a takarda, ga ta cikin ambulan tare da kayanta. Yaran suna roƙo ki zo, ko sau ɗaya.

Allah ya bar mu tare,
Ummusalma

Naraguta, 19 ga Mayu

Malama Ummusalma,

Na gode. A gida Yael ba ta da magana, ban taɓa sanin tana ɗaga murya saboda wani ba.

Zan zo ranar Laraba. Ki ajiye mini kujera a baya, kusa da Mustapha.

Maman Yael